Tagar da Yaya Bai Ƙarasa Ba

Na Allah ne mu, kuma komawa gare Shi babu fashi. Na sha faɗa wa mutane wannan magana a ƙofar gidajensu, amma ban san nauyinta ba sai ranar Laraba, goma sha ɗaya ga watan Safar, da likita ya fito daga ɗakin da kake kwance ya dafa kafaɗata. Da hantsi Allah Ya karɓi ranka, Yaya. Kafin la'asar mun kai ka makwancinka, mun dawo gida babu kai.

Ga wanda bai san shi ba, marigayin yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne ubangidana a sana'a. Aikinsa sa tayil. Mutane da yawa ba su ma san sunansa na yanka ba, Mai Tayil kawai suke cewa. Ni ne autan ɗakinmu. Da mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, shi ya ɗauki nauyin gidan, ya kuma miƙa mini bokitin siminti ya ce in biyo shi. Tun daga lokacin ban yi aiki da kowa ba sai shi.

Yaya, har furfura ta fito mini ba ka daina ce mini Auta ba, ko a gaban surukaina.

Ka sa tayil a ɗakuna da banɗakuna da baranda ba adadi, amma kowa ya san aikin kicin ka fi so, musamman bangon da ke bayan murhu da wurin wanke-wanke, inda mai da ruwa ke fantsama. Idan aka kira mu irin wannan aiki, ba ka fara maganar launi. Sai ka ce a kira maka mai girkin. Ka roƙe ta ta tsaya inda ta saba tsayawa, ta yi kamar tana juya tukunya, ta yi kamar tana ɗauraye kwano. Ka tambaye ta ko tana yawan suya, da lokacin da rana ke shigowa ta taga. Wasu matan dariya suke yi, wasu kunya ta kama su, don ba a taɓa tambayarsu irin wannan ba. Daga nan sai mu je shago ka ɗauko samfuri kala-kala, ka jingina su a gindin taga, ka ce a bar su nan su wuni, mai girki ta gan su da safe ta gan su da yamma. Ka ce tayil mai sheƙi yana da kyau a shago, amma idan rana ta doke shi ta taga sai ya kashe wa mutum ido yana riƙe da wuƙa. Ka ce ƙananan tayil suna da ban sha'awa, sai dai duk tsagar da ke tsakaninsu maɓoyar maiƙo ce, kuma matar da za ta goge ba ta cikin masu yaba kyansu.

Taga kuwa ita ce abar da ka fi ba ni wahala a kanta. Ka sha gaya mini babu tagar da ta miƙe daidai a duniya, ko wane magini ne ya kafa ta. Daga tsakiyar taga kake fara awo, don guntun da zai faɗo a dama ya yi daidai da na hagu. Tayil ɗin bakin taga kana ɗan karkata shi kaɗan, yadda ido ba zai gani ba amma ruwa ba zai kwanta ba. Kusurwar taga kuma ba ka yarda a haɗa ta da guntaye biyu. Dole a yanke lungun daga jikin tayil guda, kuma a nan ne yake karyewa a hannun mai gaggawa. Allah kaɗai Ya san yawan waɗanda na fasa. Ba ka taɓa ɗaga mini murya ba. Sai dai ka ɗauki fasasshen, ka juya shi, ka ce, "Auta, wannan kuma na wace tagar ce? Ka nuna mini gidan in je in gani." Sai ka miƙo mini wani.

Idan muka gama layi, sai ka bi shi da bayan yatsa kana ƙwanƙwasawa, kana sauraro. Wanda ya yi ƙarar fanko ka san babu siminti a bayansa, sai an ɓamɓare shi ko da rana ta faɗi. Wannan ɗabi'a ta bi ka har inda ba wurin aiki ba. A asibiti, a gidan suruki, a wurin jiran mota, in dai akwai tayil a bango sai hannunka ya kai. Matarka ta sha cewa fita da kai abin kunya ne, mutane za su ɗauka sallama kake yi wa bango.

Ita ma ta sha nata haƙurin. Shekaru tana girki a gaban bangon filasta da hayaƙi ya baƙanta, alhali mijinta na ƙawata kicin ɗin matan gari. Duk lokacin da ta yi magana sai ka ce nata na musamman ne, yana hanya. Ashe ragowar kowane gida kake tarawa a buhu. Ranar da ka tashi, ka lulluɓe mata bangon da launi iri-iri, ka tsara su yadda babu mai cewa ragowa ne. Ta tsaya tana kallo, ta ce, "To, yanzu duk matan gari sun taru a kicin ɗina, sai in ƙara awo." Ka yi dariya har da riƙe ciki.

Amma aikin da ba zan manta ba shi ne na Inna, mahaifiyarmu. Lokacin da ganinta ya fara raguwa, duk muka taru a kan ta daina shiga kicin. Ta ƙi. Ta ce ranar da aka hana ta tukunya a haƙa mata kabari. Muka yi ta lallashi. Da safe sai ga ka da kaya. Ka zagaye tagarta da tayil fari fat, ka sa mai duhu a sauran bangon, don hasken tagar ya fito mata sosai ta san inda ta dosa. Sannan ka ja layi guda na tayil mai kaushi daidai tsayin hannunta, daga bakin ƙofa har famfo, daga famfo har kusa da murhu, inda ka sa wani mai tudu don ta san wuta na gaba. Ka kama hannunta ka ɗora a kai, kuka bi shi tare. Har yau da shi take tafiya. Ranar da muka dawo daga maƙabarta, mata cike da tsakar gida, aka nemi Inna aka rasa. A kicin na same ta, ba ta girka komai, tana bin layin nan da tafin hannu daga ƙofa zuwa famfo, ta juyo, ta sake. Na ja mata ƙofar.

Akwai kuma mai sayar da abincin bakin layinmu, wadda bangon rumfarta ya yi baƙi har masu saye suka fara gudu. Ranar hutunka guda ka ba ta, ka gyara mata wurin da guntaye. Da ta zo gaisuwar rasuwarka, kuka kawai take yi. Irinta suna da yawa, wasu ma sai a zaman makoki na fara jin labarinsu.

Aikinmu na ƙarshe a gidan wata malama ce da ta yi ritaya daga koyarwa. Ta daɗe tana burin gyara kicin ɗinta. Yana da taga mai faɗi a saman wurin wanke-wanke, tana kallon bishiyar lemo a bayan gida. Kai da Malama kun ɗauki lokaci kuna zaɓe, har kuka tsaya a kan wani kore mai haske, marar sheƙi, don ka ce zai ɗauki launin ganyen da ke waje ya shigo da shi ciki. Mun gama bangon murhu, mun gama ɓangaren dama na tagar. Saura layin da ke ƙarƙashinta da kusurwar hagu.

Ranar Litinin ɗin ka tashi da ciwon kai. Matarka ta ce ka zauna, ka ce aikin kwana guda ya rage, Malama ta gaji da girki a tsakar gida. A hanya kana ta zolayata a kan yadda nake tuƙa babur. Da muka isa Malama ta kawo mana shayi, ka sha rabi ka ajiye a bakin taga. Ka ba ni awon kusurwa ka ce in je waje in yanko, don ƙurar injin kada ta cika ɗakin. Injin yanka yana da ƙara, Yaya. Ko ka kira ni ban ji ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Da na shigo da tayil ɗin a hannu, na same ka zaune a ƙasa, ka jingina da kabad, cokalin siminti na kan cinyarka. Bakinka ya karkace gefe guda. Idonka ba a kaina yake ba, yana sama, wajen bango. Na durƙusa ina kiran sunanka. Da ƙyar ka haɗa kalma guda.

"Cire," ka ce. "Cire."

Na cire maka hula. Ka sake faɗa. Na ɓalle maka maɓallan riga, na cire maka takalma, ina ihu Malama ta kira mota. Kana ta maimaitawa har muryar ta koma numfashi kawai. A asibiti suka ce jijiya ce ta fashe a kai. Daga wannan kalma ba ka sake cewa komai ba, har ranar Laraba.

Bayan an watse daga zaman makoki na ɗauki kwanaki ban iya fita ba. Malama ba ta kira ni ba ko sau ɗaya, Allah Ya saka mata da alheri. Ni ne na ga bai dace a bar baiwar Allah da rabin kicin ba, na shirya na tafi. Ta tarbe ni a tsakar gida, inda har lokacin take girki a kan ƙaramin murhu. Ta miƙo mini makulli ta ce tun ranar ba wanda ya shiga.

Komai na nan yadda muka bar shi. Hularka a ƙasa. Simintin da ka kwaɓa ya daskare a bokiti. Kofin shayinka a bakin taga, ya bushe. Na tsaya daidai inda ka zauna, na ɗaga kai ina kallon inda kake kallo a ranar.

Layin ƙarƙashin tagar ya faro daga tsakiya a miƙe kamar yadda ka saba. Sai a 'yan tayil ɗin ƙarshe ya fara sunkuyawa. Na farko kaɗan, na biye da shi fiye da haka, na ƙarshe kuwa ko yaro ya gani ya san ya karkace. A gabansa akwai simintin da ka shafa don na gaba, ba ka kai ga ɗora shi ba. A cikin simintin nan ga shatin tafin hannunka, yatsu biyar, da jan da suka yi zuwa ƙasa lokacin da ƙafarka ta kasa ɗaukarka.

A nan na gane abin da kake cewa in cire. Kana zaune a ƙasa, rabin jikinka ya tafi, abin da idonka ke gani shi ne layin da ya karkace a gidan mutane. Tsawon shekarun da na yi tare da kai ban taɓa ganin ka bar irinsa ya kwana ba.

Ban san Malama na bayana ba sai da ta yi magana.

"Na ga abin da kake kallo," ta ce. "Ni dai don Allah a bar shi haka. Ni zan tsaya a nan kullum, kuma bai dame ni ba. Aikinsa na ƙarshe ne."

Na ce mata zan yi shawara. Gaskiya zuciyata ta karkata ga maganarta. Waɗannan su ne tayil na ƙarshe da hannunka ya taɓa. Ta yaya zan sa guduma a kansu? Na fita ban taɓa komai ba, na nufi gidanka.

Na sami matarka a zaune cikin takaba, 'yarka babba na gefenta. Na ba ta labari duka, har da kalmar nan, wadda ban gaya wa kowa ba sai ranar. Ta saurara har na gama. Sannan ta share ido ta ce, "Auta, kai ma ka san yayanka. Mutumin da ke tashi a tsakiyar cin abinci ya gyara agogon bango don ya karkace? Ya gaya maka abin da yake so da bakinsa. Ka je ka cire. Amma kada ka fasa su, ka kawo mini."

Washegari na koma. Na sa cizal, ƙarfen da muke ɓamɓara da shi, a hankali ta bayansu, ɗaya bayan ɗaya, suka fito lafiya. Na naɗe su a cikin tsumma. Saura shatin hannun. Babu yadda za a ɗora sabon tayil sai an kankare tsohon siminti, wannan kai ka koya mini. Na ɗora hannuna a cikin shatin. Naka ya fi nawa faɗi, yatsuna ba su cika gurbin ba. Na yi ƙoƙarin ɓamɓaro shi ɗungurungum in kai wa Inna ta shafa, na bi gefensa a hankali kamar mai cire ƙaya. Da na zo tsakiya sai ya tsage, ya zube a wurin wanke-wanke ya zama gari. Na tsaya ina kallonsa. Daga baya na tattara garin a takarda na sa a aljihu, ban san me zan yi da shi ba, har yanzu yana nan.

Na kwaɓa sabon siminti na ci gaba daga inda layinka ya tsaya a miƙe. Yaya, ban taɓa aiki mai nauyin wannan ba. Rana tsaka ce, haske ko'ina, tsuntsaye na kuka a bishiyar lemo, amma ɗakin cike yake da kai. Sai in ɗauki tayil in miƙa ta hagu, inda kake tsayawa, in daɗe hannuna a sama kafin in tuna. Sai in ɗora ma'aunin ruwa mai nuna miƙewa a kan layi in juyo in ga ko ka gyaɗa kai. Sau biyu na ji ƙwanƙwasa a bangon murhu, a hankali, irin ta bayan yatsa. Na san reshen lemo ne iska ke kaɗawa a jikin taga, na ma fita na gani da idona. Duk da haka da na dawo sai da na bi bangon nan tayil bayan tayil ina saurare, ko akwai wanda ka ji ni ban ji ba.

Can sai Malama ta turo ƙofa da faranti. Kofi biyu ta zuba. Ta yi taku biyu cikin ɗakin kafin ta lura, ta tsaya cak. Ta juya za ta koma da ɗaya, na ce ta bar shi. Na sha nawa, na sha naka.

Kusurwar hagu ce ta rage. Wadda na yanko ranar Litinin ta faɗi daga hannuna ta fashe tun lokacin da na gan ka a ƙasa. Na sake awo, na fita na yanko wata. Ta fito sumul a yanka na farko, ta zauna a lungun tagar kamar a nan aka halicce ta. Na buɗe baki zan kira ka ka gani.

Na cike tsagogin da farin siminti, na goge bangon, na kwashe kayanmu. Da yamma ta yi, hasken ya shigo ta cikin ganye ya kwanta a kan koren nan, daidai yadda ka gaya wa Malama zai yi. Ta tsaya a gaban famfo ta buɗe ruwa, ta rufe, ta ce Allah Ya ji ƙanka. Duk wanda ya shiga kicin ɗin yau ba zai iya nuna inda hannunka ya tsaya nawa ya ɗauka ba. Abin da na iya yi maka ke nan.

Tayil ɗin da na cire na kai wa matarka. Ta karɓa da hannu biyu ta shige ɗaki da su. Ban tambaye ta inda ta ajiye ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, wadda ta binne miji yanzu kuma ta binne ɗan fari. Allah Ya ba ki haƙurin da ya fi wanda kika saba, Ya sa shi mai ceto ne a gare ki. Ina yi wa matarsa ta'aziyya, abokiyar zamansa da ta san gajiyarsa fiye da kowa, da 'ya'yansa maza da mata. Ku sani mahaifinku da guminsa ya ciyar da ku, kuma ƙofata ƙofarku ce muddin ina numfashi. Ina yi wa abokan sana'a ta'aziyya, magina da kafintoci da masu aikin famfo da suka bar aikinsu suka ɗauki makararsa. Ina gode wa Malama da iyalinta bisa haƙuri da karamci. Duk wanda marigayin ya ɓata wa rai, da sani ko da kuskure, ina roƙonsa don girman Allah ya yafe masa. Matan da ke girki a gaban aikinsa kuma, ina roƙon idan kun tuna ku sa shi a addu'a.

Ya Allah, Ka gafarta wa yayana, Ka yi masa rahama. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka tabbatar da harshensa wajen amsa tambaya. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka karɓi kyawawan ayyukansa, Ka kau da kai daga kurakuransa, Ka haɗa shi da mahaifinmu a Aljanna. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Yaya, an kira ni wani aiki, gobe zan fara. Kicin ne, taga biyu. Na shirya kaya tun ɗazu, har na ɗauko zaren da muke ja don fitar da layin farko. Sai da na sa shi a jaka na tuna mutum biyu ke jan sa. Ban san wanda zai riƙe mini ɗaya bakin ba.

Allah Ya ji ƙanka.

Ƙaninka, Auta.